Yadda ake zaɓe da shimfiɗa daɓen katako a shago ko ofis a Sakkwato

Assalamu alaikum. Na daɗe ina wanga aiki na shimfiɗa katako a ƙasa, butik ne, ofis ne, shagon waya, ɗakin taron otal, kuma kusan kullum sai wani matashi ya tare ni yace oga don Allah ka koya min, ko mai shago ya kira yace ya gani a Abuja yana son irinshi. Aikin kanshi ba wuya, wanda ya iya riƙe tef da zarto cikin sati ɗaya hannunshi zai faɗa. Inda ake samun matsala shi ne mutane na mantawa katako yana shan danshi ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, mu kuma nan Birnin Shehu da hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ya haura 70, ga bazara tsakani da zafin da ke wuce 40 a Afrilu. Katakon da ke kwance lafiya lau a Legas in ka kawo shi nan sai ka yi mishi lissafin daban. Ka ɗauka kowane falanki ya ƙara milimita 1 kacal a faɗi da damina, layi 40 ka jera, santimita 4 kenan, to ina za su je in ba ka bar musu wuri ba?

Kayan aiki

Tef na awo da fensir, sukwaya, zarto mai ƙananan haƙora ko injin yanka in kana da shi, da ɗan injin nan jiksa na yanka lungu da zagayen fayif. Gudumar roba, guntun katako da za ka riƙa ɗorawa a gefen falanki kana bugawa, ƙarfe mai lanƙwasa a baki biyu na jawo layin ƙarshe, ƴan guntaye masu kaurin milimita 10 na sawa jikin bango, dogon alminiyon magina mai mita 2 wanda suke miƙe filasta da shi, filam, igiyar layi, wuƙa, salatif mai faɗi, tsintsiya, takunkumi. In akwai hali ka sayi mitar gwada danshin katako, ƴar ƙarama ce mai allura biyu, tana raba ka da gardama da mai sayarwa. Kuma ka tanadi janareta, kar ka dogara da wutar nepa a tsakiyar yanka.

Ba ka da ƙarfen jawo? Maƙeri ko mai walda zai lanƙwasa maka shimfiɗaɗɗen ƙarfen nan da suke kira filat-ba guda cikin minti goma. Guntayen tazara kuma ka yanka daga ragowar falankin, in mai kaurin 10 ne ka tsayar da shi a gefe shikenan.

Kayan shimfiɗa: falankin kanshi, leda mai kauri ta 0.2 milimita, siririn soso na ƙarƙashi mai milimita 2 zuwa 3, sikatin wato allon da ke rufe gindin bango, ƙarfen haɗi mai siffar T da na bakin ƙofa, siminti da yashi mai laushi na gyara, maganin gara, silikon. In mannawa za ka yi sai ka ƙara gam na musamman da cokali mai haƙora.

1. Ka fara da tambayar wa zai taka wurin

Kafin ka kalli kala ka tambayi mai wurin mutum nawa ke shiga a wuni, da takalmi ko ana cirewa, akwai ruwa ko babu. Daɓen katako iri uku ne a kasuwa, da na huɗu da yake kama da katako amma ba shi ba ne.

Katako zalla, irin su iroko da tik da kawo da madaci. Shi ne mafi kyau a ido, ana iya goge shi a sake fenti sau da yawa, iroko da tik kuma gara ba ta cika son su ba kuma ba su cika motsi ba. Amma duk da haka katako zalla ya fi sauran iri jin canjin yanayi, kuma galibi daga kudu ake ɗauko shi da sauran ruwa a jiki. Afara da obeche da malaina kar ma ka fara, laushi gare su, ƙafar kujera ma tana lotsa su, gara kuma abincinta ne. Ni katako zalla sai ofishin da esi ke aiki kusan kullum kuma mai wurin ya yarda zai jira ya bushe.

Mai hawa-hawa, wanda ƴan kasuwa ke kira injiniyad. Samanshi katako ne na gaske mai kaurin milimita 2 zuwa 6, ƙasanshi filawud ne da aka giciye, giciyewar ce ke hana shi motsi da yawa. Ga wanda yake son katako na gaske a Sakkwato wannan nake ba shawara, ka nemi wanda saman ya kai 3 ko 4 don a iya goge shi nan gaba.

Laminet. Garin katako ne aka matse da ƙarfi, aka sa hoton katako a sama, aka rufe da wata fata mai tauri. Shi aka fi sa wa a shaguna don yana da sauƙin kuɗɗi kuma yana jure karce. A nan ka buɗe ido, jikin kwali akwai lamba. AC3 na gida ne, AC4 ko aji 32 na ofis da butik, AC5 ko aji 33 na wurin da jama'a ke tururuwa kamar shagon waya ko harabar otal. Mai sayarwa zai ce maka duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, ka juya kwalin ka karanta da idonka. Kauri kuma kar ya gaza milimita 8, in ka samu 10 ko 12 ya fi, don maƙallinshi, wato bakin da falanki ke shiga cikin ɗan'uwanshi, ya fi ƙarfi kuma ba ya ƙara kamar ganga in ana tafiya.

Na huɗu SPC, roba ce da garin dutse, ba ruwanshi da ruwa ko gara. Gidan abinci, shagon aski, kyamis mai firij, gaskiya nan shi ya dace ko kuma tayil, kuma gara ka faɗa wa mai wurin haka tun farko ko da cinikin zai ragu, da ace bayan wata shida yana nemanka a waya.

Kala: baƙi da ja mai duhu suna da kyau a hoto, amma da ƙurar hunturu sawun kowa zai fito, yaron shago zai wuni da mofa a hannu. Ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka sun fi rufa asiri.

2. Awo da sayayya

Tsawo sau faɗi. Shago mai mita 6 da mita 5 murabba'i 30 ne, ka ƙara kashi 10 na yanka da ɓarna ya zama 33. In kwalin ya rubuta yana rufe murabba'i 2.2 to kwali 15 kenan. In za a yi shimfiɗar karkace ko ta ƙashin kifi ka ƙara 15 ba 10 ba. Ka tabbatar duk kwalayen lambar zubi ɗaya ce, don kala ɗaya daga zubi biyu sai ta bambanta a ƙarƙashin fitila. Kuma ka sa mai shago ya ajiye kwali ɗaya a gefe, bayan shekara biyu wallahi ba zai sami irin kalar a kasuwa ba, ko ya aika Kano ko Legas.

3. Ƙasa, nan rabin aikin yake

Ka share tas, ka ɗora alminiyon nan a wurare da yawa, tsaye da kwance da karkace. In ramin da ke ƙarƙashinshi ya wuce milimita 3 a cikin mita 2 sai an gyara. Tudu a goge da giranda, kwari a cike da siminti mai laushi ko simintin nan mai daidaita kanshi in an samu. Kar ka ninka soso biyu don cike kwari, wannan kuskuren na gan shi ba adadi, falanki zai riƙa lilo a wurin har maƙallin ya karye, in ya karye kuma ba gyara sai canji.

In jaman fulo, wato kankaren ƙasan ɗaki, sabo ne ko an yi sabon daɓe, haƙuri za a yi. Zafin garin nan yana yaudara, saman zai yi fari fat cikin kwana biyu alhali ciki da ruwa. Lissafin da muke bi kwana ɗaya ga kowane milimita na kauri, daɓe mai santimita 4 ka ba shi kamar kwana 40, da damina ka ƙara. Gwaji mai sauƙi, yanki leda rabin mita, manna ta a ƙasa da salatif ta ko'ina iska ba ta shiga, bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga gumi a jikinta ko simintin ya yi duhu, bai yi ba. Ka gwada kusa da bangon bayi da bangon da ruwan sama ke duka, nan ne ke ɓoye danshi.

In akwai tayil ba dole a fasa ba. Bi su ɗaya ɗaya kana ƙwanƙwasawa da gindin guduma, wanda ya yi ƙarar kwano ka cire ka cike gurbin. Kafet kam dole a cire shi da gam ɗinshi duka.

Sai gara. Ka duba gindin bango da firam ɗin ƙofa ko akwai ƴar hanyar ƙasa da take ginawa. Ko ba ka gani ba a zuba magani a duk tsagar ƙasa da inda daɓe ya haɗu da bango, a toshe da siminti. Katako zalla da sikatin na katako a shafa musu maganin gara na Solignum ta baya su bushe. Wasu na shafa baƙin mai don rangwame, kar ka yi, warinshi da zafin Afrilu zai shiga kayan mutane kuma gam ba ya kama wurin.

4. Bar katakon ya saba da ɗakin

Ka kwantar da kwalayen a cikin ɗakin da za a yi aikin, a kwance ba a jingine ba, nesa da bango, laminet da mai hawa-hawa kwana 2 zuwa 3. In wurin mai esi ne a kunna shi yadda za a riƙa amfani da shi. Kwalin da ya wuni a bayan mota cikin rana daga Kano ba a buɗe shi a shimfiɗa a ranar.

Katako zalla labarinshi daban. A jera shi da ƴan sanduna tsakanin layi iska na ratsawa, a inuwa, sati biyu ne mafi ƙaranci, wanda ya zo ɗanye daga kudu kuwa wata da watanni. Ka soka mitar danshi, in tana nuna kashi 15 ko sama kar ka taɓa, ka jira ta sauko wajen 8 ko 9, tsakiya kenan tsakanin bushewar hunturu da danshin damina. Ba mita? Ɗauki falanki biyu ka auna nauyinsu a sikelin ƴan kasuwa duk bayan kwana uku kana rubutawa, ranar da nauyin ya daina raguwa ya zauna. Kar a shanya a rana don a yi sauri, tsagewa zai yi ya murɗe.

5. Leda da soso

Leda tukun, bakin kowace ya hau kan ƴar'uwarta da santimita 20, a manne da salatif, a ɗaga ta jikin bango kamar yatsa uku, sikatin zai rufe. Ko bene ne ni ina sawa in dai siminti ne a ƙasa. Soso a sama, shi kuma baki da baki ake haɗa shi, ba ya hawa kan juna. In falankin ya zo da sosonshi manne a baya kar ka ƙara wani. Kar ka shimfiɗe ɗakin duka lokaci ɗaya, layi biyu biyu kana tafiya, don kar takalminku ya yayyaga.

6. Layin farko da tazarar bango

Falanki ya bi tsawon ɗaki, ko ya bi hasken da ke shigowa daga ƙofa. Kafin ka fara ka raba faɗin ɗakin da faɗin falanki ka ga nawa zai rage a ƙarshe, in bai kai santimita 5 ba ka rage faɗin layin farko a raba. Bangonmu da wuya ka samu miƙaƙƙe, saboda haka ka buga igiya ka bi igiyar, ba bangon ba.

Yanzu tazara. Milimita 10 ko 12 tsakanin falanki da duk wani abu da ba ya motsi, bango, ginshiƙi, fayif, firam, dakalin kanta. Katako zalla 15. Kuma ka kalli watan da kake ciki, in da hunturu ko bazara kake aiki katakon yana a tsuke ne iyakar tsukewa, kumbura ce ke gabanshi, ka ba shi tazarar a cike har ka ɗan ƙara. In a Agusta ne yana a kumbure, tsukewa zai yi, to 10 ta isa kuma ka nemi sikatin mai kauri don kar baki ya leƙo a Janairu.

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Farkon fara aikina na yi wani butik a watan Janairu, mai wurin yace ba ya son ganin rami a gefe, ni kuma na biye mishi na matse falanki da bango. Aiki ya yi kyau kowa na yabo. Ruwa na sauka sosai sai ga waya, na je na tarar tsakiyar shagon ya tashi kamar kunyar dankali, ƙofar gilas ba ta buɗuwa, matarshi ta kusa faɗuwa da yaro a baya. Na cire sikatin na yanke gefe ko'ina, layi shida sun riga sun karye na saya da kuɗina. Har yau abin yana damuna, don da na tsaya na mishi bayani na minti biyar da bai faru ba.

7. Jerawa

Ka buɗe kwali uku ko huɗu kana ɗauka nan da can don zanen ya gauraya. Kowane falanki yana da gefen namiji da na mace, ka ɗaga shi kaɗan ka cusa namijin cikin macen, ka danna ƙasa za ka ji ya yi ƙas. In bai shiga ba kar ka tilasta, ciro ka duba, yawanci ƙwayar yashi ce a cikin kwarin, shi yasa tsintsiya ba ta barin hannun yaro. Guduma ba ta taɓa falanki kai tsaye, sai ta kan guntun bugu.

Guntun da ya rage a ƙarshen layi da shi ake fara na gaba in ya kai santimita 30, kuma haɗin kai na layi biyu maƙwabta kar su kusanci juna ƙasa da 30, kamar yadda magini ke sarƙa bulo. Duk bayan layi huɗu ko biyar ka auna daga igiya ka ga ba ka karkace ba. Yanka a waje ake yi, da takunkumi, musamman iroko ƙurarshi tana sa tari da ƙaiƙayin jiki, na ga yaran da ta hana barci.

Ɗakin da ya wuce mita 8 zuwa 10 a kowane ɓangare a raba shi da ƙarfen T, haka kowace ƙofa tsakanin ofis da ofis. Masu ɗakin taro ba sa so, suna cewa ya ɓata kyau, ka lallashe su ka sa shi inda layin kujeru zai rufe.

Wani abu da ya shafi shaguna musamman, kanta da shelf da sef. Wannan daɓen a kwance yake kawai yana motsi gaba ɗayanshi, in ka ɗaure shelf da sukuru ta cikinshi ko ka ɗora sef mai nauyin buhu goma ka danne shi wuri ɗaya, sai haɗi ya buɗe a wani gefen. A kafa kanta tukun a zagaye ta da tazara, in dole sai sukuru ya ratsa a huda ramin ya fi sukurun faɗi sosai.

In mannawa ne, wato katako zalla ko mai hawa-hawa a wuri mai cunkoso, ba leda ba soso, a shafa wa simintin maganin tare danshi, sannan gam na daɓen katako wanda ba ruwa a cikinshi kuma yana zama kamar roba bayan ya bushe. Farin gam na kafinta bai yi ba, ruwan cikinshi katakon zai sha, in ya bushe kuma ƙamewa yake ya saki. Ka shafa da cokali mai haƙora iya inda za ka rufe cikin minti ashirin, da zafinmu yana yin fata da wuri, shi yasa na fi son farawa bayan asuba. A ɗora buhunan yashi, kar a taka sai bayan awa 24. Katako zalla in bai zo da fenti ba a bar shi kamar sati, a goge da samfefa mai kaushi zuwa mai laushi, a share ƙura, a yi banish hannu uku, kuma a rufe tagogi in hunturu ne ko ƙura ta zauna a ciki har abada.

8. Layin ƙarshe, ƙofa da sikatin

Layin ƙarshe ka auna kowane falanki daban ka cire tazara, ka jawo da ƙarfen nan. Firam na katako ana yanke gindinshi a tura falanki ƙarƙashi, amma yawancin shagunanmu firam na ƙarfe ne, sai ka bar tazara ka cike da silikon mai kalar katakon, shi yana matsuwa. Kar a cike da siminti ko foti. Ka gwada ƙofa tun kafin aiki, daɓen zai ƙara wa ƙasa tudun fiye da santimita 1, ta katako a fere ta, ta ƙarfe a kira mai walda da wuri kafin a shimfiɗa don tartsatsi na ƙona falanki.

Cire guntayen tazara duka, ka ƙirga su, guda ɗaya da aka manta a lungu ya isa ya tada daɓe. Sikatin a jikin bango ake kafa shi, ba a jikin falanki ba, kuma kar ka danna shi har ya maƙure, takarda ta iya wucewa ƙarƙashi.

9. Abin da za ka faɗa wa mai shago kafin ka karɓi cikon kuɗinka

Yashi shi ne samfefar da ke cinye daɓe a garin nan, a sa tabarmar goge ƙafa babba a waje da wata a ciki. Mofa a matse ta sosai, ba a kwara ruwa da bokiti kamar tayil, ba omo ba bilic. Buta da wurin alwala su koma waje, wanda ya yi alwala ya tsane ƙafa kafin ya shigo, wannan sai ka maimaita wa yaran shago da kanka don su ke wuni a wurin. A duba fayif ɗin esi kar ya riƙa ɗiga a lungu, a sa faranti ƙarƙashin firij da na'urar ruwan sha saboda in an ɗauke wuta ƙanƙara na narkewa. Ƙafafun kujeru a manna musu ƙyalle mai kauri, kujerar ofis mai taya a sa mata shimfiɗar roba. Ƙofar gilas da ke kallon yamma a sa labule ko a yi mata tint, ranar la'asar tana dafa wurin har kala ta koɗe.

Ni nakan rubuta ranar da na gama a bayan falanki ɗaya cikin kwalin ajiya, sannan in koma sau biyu, tsakiyar Agusta da kuma Janairu. In ɓalle sikatin ɗaya a lungu in leƙa, in tazarar ta cike da damina in rage gefen da ƴar kurfi tun bai tashi ba, in kuma hunturu ya buɗe haɗin kai a wani layi in sa ƙarfen jawo daga bango in buga shi ya koma.